Su Suka Rubuta, Mu Muke Rantsuwa

A shekarar 2019, da Atiku Abubakar ya kai ƙarar zaɓen shugaban ƙasa, cikin abubuwan da lauyoyinsa suka riƙe har da rubutun suna. Takardar sakamakon jarrabawar 1961 da aka gabatar tana ɗauke da Mohamed Buhari, wanda ke kan kujera a lokacin kuwa Muhammadu Buhari ne. Ranar 11 ga Satumba alƙalai biyar suka yanke cewa mutum ɗaya ne. Bayan wata biyar, ranar 13 ga Fabrairun 2020, Kotun Ƙoli ta soke zaɓen David Lyon a Bayelsa ana gobe za a rantsar da shi gwamna, saboda sunayen mataimakinsa, Biobarakuma Degi-Eremienyo, sun sha bamban daga wannan takarda zuwa waccan.

Waɗannan manya ne, da manyan lauyoyi a bayansu. Wadda ta tsaya mini a rai ita ce matar da ke zaune a wani ƙauye na Makoɗa ko Tsanyawa ko Bagwai, mijinta yana Jidda ko Madina ko Manchester, ya yi guminsa ya tara kuɗin ɗaukarta, aka dawo musu da takardu aka ce sunanta bai yi daidai ba. Ba ta da lauya. Ba a ma gaya mata wanne daga cikin sunayen ne ba daidai ba.

Ba sai na kama sunan kowa ba. A ce Hauwa'u ce, don babu unguwar da ba irinta. Ran suna liman ya raɗa mata Hauwa'u. Da yake sunan kakarta ta wajen uba aka mayar, ba mai iya faɗarsa a gidan, sai ake ce mata Ummi. Da aka kai ta firamare, hedimasta ya tambayi sunan uba, aka ce Garba, ya rubuta Hauwa Garba. A sakandare akwai wata Hauwa Garba a ajin, sai aka ƙara mata sunan gari don a bambanta su, haka kuma ya fito a takardar NECO. Ranar buɗe asusun banki wanta ne ya cike fom, shi kuwa ya san sunan yankan mahaifinsu Abubakar ne, Garba inkiya ce, ya sa Hauwa'u Abubakar, kwamfuta ta haɗiye ɗan waƙafin sama ta bar Hauwau. Lokacin yin katin ɗan ƙasa ta riga ta yi aure. Yaron da ke gaban na'ura ya ce, "Hajiya, sunan maigida?" Ta sunkuyar da kai, don ba ta faɗar sunan miji, ƙanwar mijin ta amsa ta ce Usman. Ta zama Hauwa Usman. Shi kansa Usman ɗin, duk garin Shehu aka san shi, kuma Shehu malamin kotu ya rubuta a takardar aure.

A nuna mini ƙarya ɗaya a cikin wannan jeri. Babu. Garba Abubakar ne, Shehu Usman ne, kamar yadda Binta take Faɗimatu, Indo take A'ishatu, Dije take Hadiza, Kulu take Hauwa'u. Yaron goye a Dawakin Tofa ya san haka. Amma jami'in biza da ke zaune a Ingila da takardu huɗu a gabansa mata huɗu yake gani, da maza biyu.

Shi wannan jami'i, duk da haushinsa da nake ji, ba shi ne babban mai laifi ba. An koya masa cewa saɓanin suna alamar zamba ce, kuma akwai masu zambar. Sai dai hukuncin da ke hannunsa mai nauyi ne. A dokar shige da ficen Birtaniya, wanda aka samu da yaudara a takardar neman biza ana iya hana shi shiga har shekara 10. A Amurka haramcin na har abada ne, sai in an yi wa mutum afuwa ta musamman. Ko ba a kai ga zargin yaudara ba, kuɗin neman biza ba ya dawowa in an ƙi. A 2024 kuɗin bizar bin miji ko mata zuwa zama a Birtaniya fam 1,846 ne, sama da naira miliyan uku a canjin ƙarshen waccan shekara, ban da kuɗin gwajin tarin fuka. A ƙasarmu ta arewacin Kano, inda gado ya yayyanka gonaki har magidanci yake noma abin da bai kai ya ci da iyalinsa shekara ba, wannan kuɗi gona ce sukutum. Ƙarancin ƙasar noman ne ma ya fitar da mazan tun farko. Iyayensu sun yi cin rani a birni da Kurmi, su kuma nasu cin ranin ya tsallake teku.

To wa ya rubuta sunayen nan huɗu? Abin da nake so a tsaya a kai ke nan. Hauwa'u ba ta taɓa riƙe biron ba. Tun shirin ilimin firamare kyauta na 1976, lokacin da ake sa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne don a ƙiyasta shekarunsa, malami ne ke zaɓa wa yaro suna da ranar haihuwa. A 2007 aka kafa hukumar katin ɗan ƙasa, NIMC. A Fabrairun 2014 Babban Banki ya fito da BVN. Hukumar zaɓe tana da nata kundi, hukumar kiyaye haɗurra tana da nata, hukumar ƙidaya da nata, hukumar shige da fice da nata, kuma kowacce ta ɗauki sunan talaka yadda ya faɗo a kunnen ma'aikacinta. Sai a Disambar 2020, zamanin minista Isa Ali Pantami, aka ce duk layin wayar da ba a haɗa da lambar NIN ba za a rufe shi. Duk wanda yake ƙauye a lokacin ya ga abin da ya faru. Mutane suna sammako tun asuba suna bin layi, an ba kamfanoni masu zaman kansu lasisin yin rajista, yara suna buga sunaye cikin gaggawa don yawan kai shi ne riba, ba wanda ake juyo wa fuskar kwamfuta a ce duba ko daidai ne. In ma an juyo, tsohuwar da karatunta na allo ne me za ta gani? A wannan turmutsutsu aka haifi lambar da yau ta zama uwar takardu, wadda ba a yin fasfo sai abin da ke cikinta ya dace da komai harafi da harafi.

Gwamnati ce ta yi kundi barkatai. Da ta tashi haɗa su ta ga ba su haɗu ba, sai ta juyo ta ce talaka ya zo ya biya kuɗin gyara.

Shi kansa fom ɗin ba don mu aka tsara shi ba. Yana da gurbin sunan iyali, wanda ake gada daga kaka zuwa jika ba ya sauyawa. Bahaushe bai da wannan. Sunanka ne, sai na mahaifinka, ɗanka kuma ya ɗauki naka. Da 'yan boko na farko suka ci karo da gurbin, sai suka cike shi da sunan gari: Aminu Kano, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shehu Shagari, Magaji Ɗambatta, har zuwa Kwankwaso, da kuma Ganduje wanda sunan ƙauyensu ne a Dawakin Tofa. Wasu suka sa sunan uba, wasu na kaka, wasu na wanda ya riƙe su. Shi ya sa za ka ga 'yan uwa uku uwa ɗaya uba ɗaya, kowa da abin da ke gurbinsa. Kuma ba mu kaɗai ba ne a duniya. Mutanen Habasha sunan uba suke bi kamar mu. Haka mutanen Iceland a tsakiyar Turawa. A Indonesiya miliyoyi suna ɗaya tak gare su. Duk suna yawo da fasfo, domin hukumominsu sun tsaya sun tsara yadda za a rubuta sunan mutanensu, sun kuma tsaya a kai. Ƙa'idar fasfo ta duniya ta ware gurbin harafi 39 ne kawai don suna a layin da na'ura ke karantawa a ƙasan shafi, kuma ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, ba ta san waƙafin da ke cikin Sa'adatu da Rabi'u ba. Wannan sananne ne tun da daɗewa. Me ya hana a zauna a fitar da ƙa'ida guda, a raba wa kowane mai rajista, cewa ga yadda ake shigar da Sa'adatu, ga yadda ake shigar da Muhammad Sani wanda suna ɗaya ne ba biyu ba? Ƙasar da ta rubuta Murtala Muhammed a filin jirgin Legas, a Kano kuma ka ga Muhammad a wannan allo, Mohammed a wancan, ƙasar da har yau takardunta ba su daidaita tsakanin Dambatta da Danbatta ba, ita ce ke tsare 'yar ƙauye a kan harafi guda.

Wanda ya auro daga tsallaken iyaka, Matamaye ko Magarya ko Damagaram, kamar yadda mutanenmu suka saba tun kafin a ja iyakar, nasa ya fi haka muni. A can rubutun Faransanci ne: Aichatou, Ousmane, Mahamadou. Surukinsa ɗaya, amma a takarda mutum biyu ne.

Akwai abin da ya fi ƙona mini rai a cikin wannan lamari, shi ne shawarar da ejan-ejan da masu shagon kafe suke bai wa ma'aurata: wai a cire sunan mahaifin matar a sa na miji, biza ta fi saurin fitowa. Wa ya ce? Babu dokar Nijeriya da ta wajabta wa mace ɗaukar sunan miji. Birtaniya ba ta sa shi sharaɗi ba. Saudiyya kuwa matansu ma ba sa yi, mace tana mutuwa da sunan ubanta da kakanta. Addininmu ya yi umarni a jingina mutum ga mahaifinsa, al'adarmu ma haka take, 'yar Malam Garba 'yar Malam Garba ce ko ta yi aure goma. Kuma ku duba abin da shawarar take haifarwa. Balarabe in ya ga Hauwa Usman, abin da ya karanta shi ne Hauwa 'yar Usman. Ga Usman yana neman a ba shi izinin kawo ta a matsayin matarsa, ga 'ya'yansu su ma kowanne da Usman a bayan sunansa. An ɗauki mata an mayar da ita 'ya a takarda, an kuma raba ta da takardun makarantarta da ke ɗauke da sunan uba. In auren ya zo ya mutu, abin da ba ma fata amma muna gani kullum, sai ta sake komawa kotu ta yi rantsuwa kafin ta karɓo sunan ubanta.

Sai takardar aure. A ƙofar gida aka ɗaura shi, ko a masallaci bayan Juma'a, da waliyyi da wakili, aka ambaci sadaki, ɗaruruwan mutane suka shaida, aka raba goro da alawa, maroƙi ya sanar. Aure ne cikakke a shari'a, kuma dokar ƙasa ta yarda da shi. Abin da babu shi ne takarda. Sai bayan shekara bakwai da 'ya'ya uku, ranar da ofishin jakadanci ya nema, a ruga kotun shari'a a karɓo. Jami'in biza ya ga takardar aure da aka buga wata biyu kafin neman biza, da suna da bai dace da fasfo ba, me zai zata? Nan ma ejan yana da magani. Ko ya buga ta jabu, wadda in aka gano ta shekara goman nan ta hau kan baiwar Allah da ba ta san an yi ba, ko ya tura su rajistar aure ta gwamnatin tarayya. Ba ya gaya musu cewa wannan rajista a ƙarƙashin dokar aure ta 1914 take, ta mace ɗaya ce, kuma ta tanadi ɗauri ga wanda ya ƙara aure a kanta. Mutum ya sa hannu a abin da bai san nauyinsa ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Bari mu bi hanyar gyaran mu gani. Za a ce mata, "Je ki yo afidabit." Ta samu izini da ɗan rakiya, su shiga motar Ɗambatta ko ta Bichi zuwa birni, ta tsaya gaban mai karɓar rantsuwa. Daga nan a sayi ɗan gurbi a jaridar Turanci, wadda ko mutum ɗaya a ƙauyensu ba zai gani ba, a sanar da duniya cewa da ana kiranta kaza, yanzu tana so a kira ta kaza. Ku lura da abin da aka sa ta faɗa. Ita ba ta taɓa sauya suna ba. Tun ranar da aka yanka mata rago sunanta ɗaya. Ma'aikaci ne ya yi kuskure, amma ita ake sa wa ta rantse cewa ita ce ta sauya. Mutanen da suke jin tsoron rantsuwa ko a kan gaskiya, su aka mayar wa rantsuwa abin saye a bakin kotu. Alhali a shari'ar Bayelsa ɗin nan Kotun Ƙoli ta nuna cewa takardar rantsuwa kaɗai ba ta gyara sunan da ke kan takardar shaida, hukumar da ta bayar da takardar ita ce mai gyarawa. Ke nan ana tura talaka ya kashe kuɗi a kan abin da ƙila ba zai tsaya ba in an tsananta bincike.

Bayan kotu da jarida sai NIMC. Yanzu gyaran ta intanet ake yi, mutum ya yi da kansa, da babbar waya da adireshin imel. Matar da ke cikin kulle a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis, da kanta? Komawa za ta yi wurin yaron kafe, hannun da ya ɓata sunan tun farko. Daga Mayun 2025 gyaran ranar haihuwa ya kai naira 28,574, gyaran suna naira 2,000, ban da ladan mai kafe da kuɗin mota. In an riga an buga fasfo da kuskuren, sai sabo. Ƙaramin fasfo mai shafi 32 ya koma naira 50,000 a Satumbar 2024, ya koma 100,000 a Satumbar 2025, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000. A farkon 2024 ministan cikin gida, Olubunmi Tunji-Ojo, da bakinsa ya yi tir da yadda ake tilasta wa matan aure zuwa Abuja don gyaran suna a fasfo. Ya yi gaskiya, na kuma yaba. Amma ga matar Tsanyawa, Kano ma tafiya ce, kuma amsar da ta fi ji ita ce "babu netwok" da "ku dawo wani satin".

Ana cikin wannan kai-komo takardar gwajin lafiya tana ƙarewa, dokokin can suna sauyawa. A Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗalibai kai iyali. Ranar 11 ga Maris ta hana sababbin masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya. A Afrilu ta ɗaga kuɗin shigar da ake buƙata ga mai son kawo mata daga fam 18,600 zuwa 29,000 a shekara. Wata shidan da aka ɓata wajen neman harafi guda suna iya zama bambancin tafiya da rashinta.

Ita kuma tana gidan surukai tana jira. Uwar miji tana cewa, "Haƙuri za ki yi, 'yar nan, komai lokaci ne." A bakin rijiya da gidan biki kuwa magana daban ce: ai da yana so da ya ɗauke ta, ai an ce ya yi wata a can. Shi yana can yana aikin dare, yana ganin kamar ita da 'yan uwanta ne suka yi sakaci. Yara suna girma sun san ubansu a fuskar waya. Na ga auren da wannan jira ya girgiza, ba don ƙiyayya ba, ba don rashin ci da sha ba. Babu ofishin da ke lissafa wannan asara.

Mu ma da namu. Uban da ya rage wa ɗansa shekara uku don aikin soja ko na gwamnati ya sani cewa ƙarya ya shuka, kuma masu irin wannan ne suka sa ake zargin kowa. Magidancin da zai ba ƙaninsa fom ɗin matarsa ya cike ba tare da an tambaye ta ko an duba takardar makarantarta ba, ya raina ta ne. Rajistar haihuwar jariri kyauta ce a hukumar ƙidaya, amma binciken MICS na 2021 ya nuna kashi 57 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa a faɗin ƙasar, kuma ƙauye ne a baya. Muna yanka rago, mu tara gari, mu kasa rubuta sunan a takarda guda. Shi ya sa rabin ƙauye aka haife su ranar 1 ga Janairu. Amma laifin wanda bai sani ba da na hukumar da aka kafa musamman don wannan aiki, ake kuma ware mata kuɗi duk shekara, ba ɗaya ba ne, kuma ba zan yarda a daidaita su ba.

Kuskuren da ma'aikaci ko ɗan kwangilar hukuma ya yi, hukuma ce ya kamata ta gyara shi kyauta, a sakatariyar ƙaramar hukuma, a gaban mai sunan, a karanta mata da Hausa ta ji kafin a danna. Kuma maimakon a sa mutum ya rantse ya sauya suna, NIMC ta riƙa ba da takarda guda mai hatimi da ke cewa mai wannan lamba da wannan zanen yatsa shi ne aka sani da suna kaza da kaza. Ba sabon abu ba ne, fasfon Birtaniya kansa yana da shafin da ake rubuta wani sunan da aka san mai shi da shi. Zanen yatsan Hauwa'u yana BVN, yana NIN, yana katin zaɓe. Gwamnati ta riga ta san mace ɗaya ce, ta faɗa mana a rubuce. Cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero tana da masanan da za su iya tsara kundin sunayen Hausa da inkiyoyinsu da hanyoyin rubuta su, a miƙa wa masu rajista da ofisoshin jakadanci, har da ƙaramin ofishin Saudiyya da ke nan Kano. Sanatan Kano ta Arewa, Barau Jibrin, shi ne mataimakin shugaban majalisar dattawa tun 2023. Mutanen ƙananan hukumominsa ne ke wannan wahala, kuma yana da bakin da za a ji in ya ɗauko maganar.

Ɗaya kuma ba sai an jira Abuja ba. A 2024 gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure, wato ta riga ta iso wurin ɗaurin aure ta ce sai an nuna takarda. To ta ƙarasa aikin. A ajiye littafin rajista a hannun kowane limamin Juma'a da dagaci. Ranar ɗaurin aure a rubuta sunan ango da na amarya kamar yadda suke a katin ɗan ƙasa, kowa da sunan mahaifinsa da lambarsa, waliyyi da shaidu biyu su sa hannu, a ba amarya kwafinta a hannunta, a ba ango nasa, a kai na uku sakatariya a ƙarshen wata.